Mun Je Maraɗi Koyon Magana

Tun ranar da na dawo daga Maraɗi ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin kasuwar Gwarzo ba. Wannan ya ce yaya Nijar, wancan ya ce da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu, wani kuma so yake ya ji ko na koyo Faransanci. Na ba da labarin gutsi-gutsi har bakina ya gaji, kowa kuma ya ɗauki guntun da ya ji ya ƙara masa nasa. Shekaranjiya na ji ana cewa wai na yi cacar baki da wani Bature har ya ba ni haƙuri. Ban ga Bature ko ɗaya ba a tafiyar nan. Shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga farko, duk wanda ya sake tambayata sai na miƙa masa takarda.

Ni malamin gona ne. Aikina shi ne zaga ƙauyukan Gwarzo da Kabo a kan babur, ina gaya wa manoma yadda za su yi da taki da iri da maganin ƙwari, su kuma suna ce mini to. Abin da ya jawo tafiyar ba na dariya ba ne. Bara, bayan an cire wake, wata mata da 'yarta suka rasu a Masanawa. An jibge buhunan wake a ɗakin da suke kwana, waken kuma an sa masa ƙwayar nan ta kashe ƙwari mai fitar da iska mai guba. An yi irin wannan a wurare da dama, har a tsallaken iyaka. Sai wata ƙungiya mai samun tallafi daga waje ta shirya bita ta kwana huɗu a Maraɗi, don a koya wa irinmu yadda za mu riƙa yi wa mutanen karkara bayani cikin sauƙi. Aka ce kowane malamin gona ya taho da manomi ɗaya. Ni aka haɗa ni da Baba Ɗan'azumi na Masanawa, dattijo mai furfura, wanda marigayiyar matar ƙanensa ce. Bai yi boko ba, amma yana da hannu mai kyau a ajami, kuma ba ya magana sai ta kama.

Takardar gayyata ta ce ofis ne zai ba mu mota. Motar ofishinmu kuwa tun da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu take zaune a kan duwatsu huɗu, har kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Maigidana a ofis, wanda ba zan ambaci sunansa ba don ina son aikina, ya kira ni ya yi mini jawabin rabin awa a kan halin matsin tattalin arziki da wajibcin sadaukarwa ga al'umma. Da ya gama na gane cewa tasha za mu je.

Muka shiga wata tsohuwar fijo mai zuwa Katsina. Shari'a na da zafinta a lokacin, don haka aka zuba mata a kujerar can baya, mu maza a tsakiya da gaba, wani ɗan hisba ya leƙo ya duba zaman kowa kafin mu tashi. Direba ya sa kaset ɗin wa'azi ya ƙure murya. Mai kuwa babu shi a gidajen mai sai a galan a bakin titi, saboda haka duk gangaren da muka samu sai ya kashe inji mu sulala. Da inji ya mutu sai malamin kaset ma ya yi shiru, sai mota ta kusa tsayawa a tayar, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Haka muka saurari hukuncin rabon gado tun daga Dayi har Gidan Mutum Ɗaya, ba wanda ya san kason da aka ba 'yar'uwa. Kafin Kankiya taya ta fashe, safaya kuma ba iska. Muka zauna a gindin wata kuka har aka yi azahar. Baba ya kwance ƙullinsa ya raba wa kowa ƙuli-ƙuli, ya miƙa wa direba na matan ya kai musu.

A Katsina muka kwana gidan wani tsohon abokin karatuna, da sassafe muka hau motar Maraɗi. A kan iyaka ta ɓangarenmu, bayan Jibiya, wani ma'aikaci ya tambaye mu abin da za mu je yi. Na ce bita. Ya ce bitar me? Na miƙa masa takardar gayyata. Ya karanta sunan bitar, leɓensa na motsi, ya koma ya sake karantawa, sannan ya miƙo mini ita da hannu biyu ya ce mu wuce, Allah ya ba mu iko. Da ina da hankali, tun daga nan zan san abin da ke jiranmu.

A Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, aka sauke mu duka. Wani jandarma, saurayi siriri cikin kaki mai guga, ya karɓi katin shaidar Baba ya duba, ya ce, "Mushe, ina za ka?"

Baba ya dube shi tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Ɗana, ban mutu ba tukuna. In kuma na mutu, ina sa ran a yi mini salla, ba a jefa ni bayan gari ba."

Sai da direba ya shiga tsakani ya yi bayani cewa a can haka ake kiran mutumin kirki, malaman makaranta ma haka ake ce musu, girmamawa ce. Jandarman ya yi ta ba da haƙuri yana dariya. Baba ya karɓi katinsa, amma har muka bar ƙasar duk wanda ya ce masa mushe sai ya ɗan yamutsa fuska.

Muna barin shingen direba ya cire kaset ɗin wa'azi ya zura na kalangu. Akwai wani fasinja mai ɗangalallen wando da tun daga Katsina yake gyara wa kowa zama da lafazi, har ya yi wa wata tsohuwa faɗa a kan mayafi. Na zuba ido in ga abin da zai ce. Da na duba ƙasa, babban yatsan ƙafarsa na bin kiɗan.

Mun shiga Maraɗi rana tsaka, muka tarar da gari kamar an yi shara. A cibiyar da za a yi bitar mai gadi ya ce mana kowa ya tafi siyas, wato barcin rana, kuma ba za a buɗe ofis ba sai wajen la'asar. A can doka ce, ma'aikaci ya tashi ya je gida ya kwanta, ya dawo. Na fara yi musu dariya a raina, sai na tuna a wajenmu ma ana yin barcin, a kan tebur dai ake yi, kuma ba mu sa masa suna ba. Da aka buɗe aka kai mu wani dogon ɗaki mai gadajen ƙarfe shida, kowanne da gidan sauro. Fanka na juyawa, kuma kwana huɗun nan ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Wani ɗan Nijar da muke ɗaki ɗaya ya ce mini ai daga ƙasarmu ake jawo musu wutar. Ban gaya masa cewa a gidana fitilar ƙwai ce ke aiki ba.

Burodin gaskiya ne. Dogo ne kamar muciya, kuma in ya kwana ana iya tuƙa tuwo da shi. Baba ya gwada shi da haƙoran da suka rage masa, ya ajiye, daga nan kullum sai ya tsoma shi a shayi ya tafi alwala ya dawo. Shayinsu kuwa a ɗan ƙaramin kofi ake sha har zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, in ka tashi kafin na uku an ce ka yi rashin ladabi. Hausarsu tamu ce, sai dai asibiti su ce likita, makaranta su ce lakwal, kuma ba sa iya jera magana uku ba su ce donk ba, wato "saboda haka" da Faransanci. Abin da ya fi ba ni mamaki mata ne a kan babur, ba goyo ba, su ke tuƙi da kansu, alhali mu a gida ana ta muhawara a kan ko ya halatta ɗan acaɓa ya ɗauki mace.

Washegari aka buɗe bita. Abin haushin shi ne mai koyarwar ba ɗan Nijar ba ne, ba kuma Bature ba. Namu ne, daga Kano ya zo, wani Dakta mai farar shadda da tabarau, a cikin wata jibgegiyar mota mai sanyi wadda shi kaɗai ne a bayanta. Hanyar da muka bi ita ya bi. A zamanin nan mai son a san ya yi karatu rumbu biyu yake da su: wani ya ɗebo Turanci, wani ya ɗebo Larabci, musamman yanzu da kowane ma'aikaci ya koma cewa alal haƙiƙa. Dakta yana da na uku, wata Hausa da shi da abokansa suka ƙera da kansu, wadda ba a taɓa sayen ko barkono da ita a kasuwa ba.

Aka raba mana littafin da ya rubuta domin bitar. Kaurinsa ya kusa bulo. Sunansa Ginshiƙan Falsafar Sauƙaƙa Sadarwa Tsakanin Al'ummomin Karkara: Nazari da Aiwatarwa. Ga jimlar farko ta babin farko, na kwafo ta yadda take don kada a ce na yi masa ƙage:

"Wajibi ne ga mai isar da saƙo ya yi la'akari da mizanin tsinkayen mai karɓar saƙo, ta fuskar daidaita tsarin furuci da ma'aunin fahimta, domin kauce wa afkuwar giɓin sadarwa."

Baba na kusa da ni. Ya raɗa mini cewa me ake nufi. Na sake karantawa, sannan na ce masa ana nufin ka yi wa mutum magana yadda zai gane. Ya gyaɗa kai, ya ce to me ya hana shi faɗin haka?

Na riƙe tambayar har aka fita shan shayi. Na sami Dakta yana tsaye shi kaɗai, na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe, littafin da ke koya mana sauƙaƙa magana, ashe bai kamata shi ma ya zama mai sauƙi ba?

Bai ji haushi ba, ya ma yi murmushi irin na wanda aka sha yi wa tambayar. Ya ce littafin ba na manoma ba ne, namu ne, mu da muka yi karatu. Ya ce likitan yara ba da gwarancin jarirai ake rubuta masa littafi ba, kuma wanda zai koyar da abu dole ya san zurfinsa fiye da wanda za a koya wa. Ya ce sauƙi shi kansa ilimi ne mai wuya, kuma abu mai wuya ba a bayyana shi a layi biyu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Da ya tsaya nan da ya ci ni. Amma sai ya kurɓi shayi ya ƙara da cewa, "Kuma ka san in na kai wa masu ba da tallafi shafi uku, cewa za su yi ban yi aiki ba."

Cikin mahalarta akwai wata Madam Zainabu, malamar gona daga Tasawa, mace mai jiki da yawan dariya, ɗaya daga cikin masu tuƙa babur ɗin nan. Yini biyu tana zaune a baya da fensir, kanta a cikin littafin, ba ta ko kallon allo. Rana ta biyu da yamma na tambaye ta me take ta rubutawa. Ta nuna mini bangon littafin ta ciki. Ta bi babi-babi ta tace kowanne ya koma layi ɗaya. Fara da abin da zai iya kashe mutum. Faɗi abu ɗaya, ka tsaya. Kira abu da sunan da suke kiransa. Nuna da hannu. Ba da labarin wanda abin ya faru da shi. Sa mutum ya maimaita maka abin da ya ji. Layi shida, littafin ke nan gaba ɗaya.

Na ce ashe shirme ne. Ta ce a'a, kada na zalunce shi, shawarwarin masu kyau ne, ita ma na ƙarshen nan ba ta taɓa yin sa ba, kuma daga yau za ta fara. Na ce to ke nan Dakta ya yi gaskiya, tunda ga shi ta haƙo abin da ke ciki. Ta yi dariya ta ce ita taurin kai ne da ita, kuma ba ta da abin yi a Maraɗi. Ta nuna mini sauran mahalarta da haɓa ta ce na saurare su.

Na saurara. Mutum talatin da wani abu, jiya-jiya suka zo suna magana kamar mutane. Yanzu wani na gaya wa ɗan'uwansa cewa an sami giɓin sadarwa tsakaninsa da mai dafa abinci, shi ya sa bai sami nama ba. Wani na cewa matarsa ba ta da mizanin tsinkaye. Da farko da wasa suke yi, amma da aka koma aji aka ce kowa ya tashi ya faɗi abin da ya koya, da wannan harshen kowa ya yi, kuma wanda ya fi kowa cusa kalmomin shi Dakta ya fi yaba wa. Ba wanda ya ɗauki abin da littafin ya ce a yi. Yadda littafin ke magana, shi kowa ya ɗauka.

Rana ta uku aka kwashe mu zuwa wani ƙauye da ke kusa don mu gwada abin da muka koya. Mai gari ya tara mutane a inuwar wata bishiyar maina, maza a gaba kan tabarmi, mata a gefe a tsaye. Aka kawo wa Dakta kujera, ya zauna da takardar ba da maki a cinya. Wani ɗan Nijar ya fara, donk, donk, ya gama ya zauna. Wani ya biyo. Mutanen gari suna ta gyaɗa kai cikin ladabi, irin gyaɗawar da na sani sarai.

Aka kira sunana. Wallahi na shirya abin da zan faɗa, layukan Madam Zainabu suna aljihuna. Amma da na miƙe na ga Dakta ya ɗaga biro, na ga abokan aiki sun zuba mini ido, sai na ji tsoron kada a ce malamin da ya zo daga Najeriya bai san komai ba. Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa wajibi ne al'umma ta yi la'akari da matakan kariya yayin adana amfanin gona. Na yi minti goma a haka. Dakta na ta gyaɗa kai yana rubutu.

Da na zauna ya tashi ya ce yanzu zai nuna mana abin da babi na ƙarshe ya kira martanin tabbatar da isar saƙo. Ya nuna wani dattijo a sahun gaba, ya ce ya maimaita abin da ya ji. Dattijon ya gyara zama, ya yi godiya ga baƙi, ya ce sun ji kuma sun gode. Ya ce abin da suka fahimta shi ne gwamnati za ta kawo musu maganin wake kyauta, su tanadi wuri mai kyau su ajiye shi.

Dakta ya juyo gare mu fuskarsa cike da farin ciki, ya ce mu lura, wannan kyakkyawan misali ne na giɓin da yake magana a kai. Ya rubuta shi a takarda. Bai gyara wa dattijon ba. Ya fara tattara takardunsa za a tashi.

A nan Baba Ɗan'azumi ya miƙe. Ba wanda ya kira shi, manoman da aka zo da su dama an kawo su ne su cika hoto. Ya je ya ɗauki gwangwanin ƙwayar da aka kawo don nuni, ya ɗaga shi sama yadda mata ma za su gani. Ya yi sallama, ya ce:

"Sunana Ɗan'azumi, daga Masanawa a ƙasar Kabo. Ƙanena ya sa wannan a wakensa bara. Ya ji tsoron ɓarayi, ya kai buhunan ɗakin matarsa. Da safe muka fito da ita da 'yarta Hadiza, mai shekara shida, aka yi musu wanka. Kada ku kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa wannan. Ko da taga a buɗe take. Tagar ƙanena a buɗe take."

Ya ajiye gwangwanin ya koma ya zauna. Sai wata mata daga gefe ta kira sunan wani mutum da ƙarfi. Mutumin ya tashi daga tabarma bai ko tsaya neman takalminsa ba. Da muka zo wucewa za mu shiga mota, muka gan shi yana jan buhu na biyu daga wani ɗaki, matar na riƙe da jariri a tsakar gida tana kallonsa.

Dakta ya yaba wa Baba ƙwarai a hanyar komawa. Ya ce abin da ya yi shi ne ainihin dabarar labartawa ta gargajiya da ya yi bayani a babi na biyar, kuma zai sa shi a bugu na gaba a matsayin hujja.

Ni ban iya dariya ba, saboda maganar tagar nan. Akwai abin da ban gaya wa 'yan majalisa ba duk tambayar da suke yi. Ni ne na je Masanawa bara kafin a cire wake. Ni na tsaya a ƙofar gidan mai gari na karanta musu takardar da ta zo da maganin, cewa a ajiye kayan da aka sa wa magani a muhalli mai wadatacciyar iska, nesa da mazaunin bil'adama. Na karanta ta da murya mai kyau, na ji daɗin kaina. Ƙanen Baba yana wurin. Cikin duk jimlar kalma ɗaya ya kama, iska, ya je ya buɗe taga. Tun ranar da na je gaisuwar mutuwa na san haka, amma shekara guda ina gaya wa kaina cewa ai na faɗa musu.

Rana ta huɗu aka raba takardun shaida, aka ɗauki hoto, Dakta ya shiga motarsa mai sanyi. Mu muka nufi tasha. Ban sami bakin yi wa Baba magana ba sai da muka wuce iyaka, direba ya mayar da kaset ɗin wa'azi, mutane suka fara gyangyaɗi. Na ce masa, Baba, ka san ni ne na karanta takardar nan a garinku.

Ya ce ya sani, yana sahun gaba ranar. Ya ce shi ne ma ya roƙi mai gari a haɗa shi da ni a tafiyar nan. Ya dubi gonaki ta taga, ya ce, "Ranar nan ni ma ban gane ba, Malam. Na so na tambaya, na ji kunya a ce tsoho bai san Hausa ba. Kai ka ji kunyar yin magana irin tamu, ni na ji kunyar tambaya. Da ɗayanmu ya daure, da yarinyar nan tana nan."



Da na koma ofis aka ce na rubuta rahoto. Na rubuta shafi ɗaya: layuka shida na Madam Zainabu, da maganar Baba kalma bayan kalma. Maigidana ya karanta, ya juya bayan takardar ya ga ba komai, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce an tura ni ƙasar waje kwana huɗu, abin da zan kawo ke nan, wasiƙar ɗan firamare? Ya ce in aka kai wannan sama za a ce sashenmu ba shi da ƙwararru. Na koma gida na buɗe littafin Dakta na yi ta kwafa har hannuna ya yi ciwo. Na kawo masa tuli guda. Ya karanta rabin shafin farko, ya auna nauyin sauran a tafin hannu, ya ce yanzu na yi aiki. Saboda wannan rahoton aka naɗa ni na koya wa sauran malaman gona na yankinmu sauƙaƙa bayani, aka aiko da kwali cike da littafin.

Mun yi bitar a Kabo. Na raba littafin tunda umarni ne, kowa ya karɓa da girmamawa yana shafa bangon. Sannan na raba musu shafina ɗaya na ce wannan shi ne duk abin da ke ciki. Biyu ko uku sun karanta. Wani ya ninke nasa ya sa a tsakiyar littafin don kada ya manta inda ya tsaya, kuma a shafi na biyu ya tsaya. Baba kuwa ya sa na karanta masa takardar a hankali ya juya ta zuwa ajami, liman ya karanta ta bayan sallar Juma'a a Masanawa, aka aika da kwafi garin Gude.

Makon jiya na je ƙauyen Madadi, don an fara cire wake. Ban tafi da takarda ba. Na ɗaga gwangwanin, na faɗi abin da ya faru a Masanawa, na ce kada kowa ya kwana da buhun nan ko da taga a buɗe. Duka bai fi minti biyu ba, kuma na ji kamar na fito ba riga. Sannan na juya wajen wata tsohuwa da ke zaune a bakin zaure tana ɓarar gyaɗa, na ce Inna, don Allah maimaita mini abin da kika ji. Ta maimaita shi tsaf, ba ta bar ko kalma ɗaya ba. Sai ta ƙura mini ido, ta juya wajen ta kusa da ita ta ce, "Ashe dai Malam Bahaushe ne."

Shekarata goma sha ɗaya ina zuwa garin.